Daren da Kunu Ya Tsinke a Rimawa

Motar Goronyo ba ta barin tasha sai ta cika maƙil. Ranar da na shige ta a Sakkwato, rabin kayan da aka ɗaure a bayanta buhuna ne da babu komai a ciki, an naɗe su dami-dami. Na tambayi dattijuwar da ke kusa da ni ko na mene ne. Ta dube ni duban baƙuwa, ta ce, "Albasa ta kai, ɗiyata. Gobe war haka suna bisa hanyar dawowa, cike."

Ni kuwa ba albasa ce ta fito da ni daga gida ba. Na daɗe ina koyar da ilimin sinadaran abinci, kuma akwai darasin da nake yi kowace shekara a kan enzayim, ƙananan ma'aikatan nan da jikin duk wani mai rai ke ƙerawa don su yanka wani abu ko su haɗa shi. Wata rana na gama zana yadda enzayim ke daddatse doguwar sarƙar sitaci ya mai da ita guntaye, sai wata ɗaliba 'yar Rimawa ta biyo ni bayan an tashi. Ta ɗan rusuna ta ce, "Malama, wanga abu da kika zana, shi Innarmu ka yi kullum da dare." Na ce to sai na zo na gani da idona. Aka shekara biyu ana sa rana ana ɗagawa saboda halin da hanya ke ciki, kafin Allah ya nufa.

Halin da hanya ke ciki ba ɓoyayye ba ne. Direba ya ce lallai mu isa kafin la'asar, babu wanda ya tambaye shi dalili. A watan Oktoba na 2021 'yan bindiga sun afka wa kasuwar Goronyo ran Lahadi, suka kashe mutum sama da 40, kuma ƙauyukan gabashin Sakkwato har yanzu suna kwana da kunne ɗaya a buɗe. Duk da haka mota cike take da masu zuwa sayen albasa da tafarnuwa, domin amfanin gona ba ya jiran a yi sulhu.

Muka wuce Achida. Da muka zo hanyar da ke shiga Wurno sai motar ta yi tsit na ɗan lokaci, wani dattijo a gaba ya ɗaga hannu ya yi addu'a. A garin nan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ribaɗi, a nan ya rasu a 1837, a nan kuma hubbarensa yake. Bature Heinrich Barth ya zauna a garin a 1853, zamanin Aliyu Babba. Abin da ya faɗo mini a rai shi ne, cikin tarin littattafan da Bello ya rubuta har da na magani da lafiyar jiki. Rabah tana can ta kudu, garin da aka haifi Sardauna Ahmadu Bello, a bakin gulbin Sakkwato. Mu gulbin Rima muke bi.

Duk koren da ido ke gani a wannan kwari da rani, madatsar ruwan Goronyo ce uwarsa. An gama gina ta a 1984, aka buɗe ta a 1992, kuma an yi ta ne don ta riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 942. Ita ke shayar da birnin Sakkwato, ita ke ba manoman rani ruwa. Mutanen kwarin ba su manta da ambaliyar 2010 ba, wadda ta share gonaki da gidaje. Amma ran da na wuce, tsakiyar rani, fadama shimfiɗe take kamar an baza darduma: shinkafa nan, alkama can, ga albasa ganyenta ya fara kwanciya, alamar ta isa cira.

Daga Goronyo ɗan kabu-kabu ya kai ni Rimawa. Ɗalibata na tsaye a ƙofar gida tana jira. Mahaifinta, manomin albasa da tafarnuwa, ya tarbe ni a zaure da "Maraba da Malama, an sha hanya," sannan aka shigar da ni wurin Inna. Inna ba mahaifiyar ɗalibar ba ce, kakarta ce ta wajen uba, tsohuwa siririya mai ƙarfin hannu, wadda ta fi shekara talatin tana yin kunun zaƙi na sayarwa. Da jikarta ta gaya mata abin da ya kawo ni, ta yi dariya har ta riƙe haɓa. "Tun daga birni don kunu? To zauna, ɗiyata, ba a yi nai sai bayan isha."

Geron tun jiya aka jiƙa shi. Da yamma yara suka kai inji da citta da kanumfari, suka dawo da ƙullu a roba. Amma abin da nake so in gani yana cikin wata tsohuwar ƙwarya a kan rufin akurki. Inna ta sauko da ita ta miƙo mini. Shinkafa ce shanshera, ta bushe ƙarau, tana ƙamshin da ya yi kama da na ƙasa bayan ruwan farko. Tsiro ke nan. Ta ce takan jiƙa shinkafar kwana ɗaya, ta baza a kan jiƙaƙƙen buhu a inuwa, ta rufe, tana yayyafa ruwa safe da yamma. Kwana uku zuwa huɗu sai ta fito da fararen saiwoyi. Daga nan sai rana. In ta bushe a murje, a sheƙe, a adana. Tare da tsiron akwai busasshen dankali, wanda su ke kira kudaku, an fere an yayyanka an shanya. Ta jiƙa su tare, aka niƙa daban.

Bayan isha ta raba ƙullun gida uku. Biyu ta zuba a babbar roba, ta sheƙa masa tafasasshen ruwa daga tukunya tana juyawa da muciya. Nan take ya kama, ya yi kauri har muciya na tsayawa a ciki. Kashi na uku ta gauraya shi da niƙaƙƙen tsiro da kudaku, ta ajiye gefe. Sai ta zauna a tabarma ta ɗauki carbinta.

Na ce, "Inna, ba za a zuba ba?"

"Yanzu? Kina son in kashe tsiron? Sai ya sha iska."

Muka zauna. Lokaci-lokaci takan miƙa hannu ta dafa gefen robar. Can ta tsoma ɗan yatsa ta cire, ta girgiza kai. Aka ƙara jimawa ta sake tsomawa, wannan karon ta bar shi ya ɗan daɗe, ta ce, "Yawwa." Ta juye ɗanyen ƙullun nan a kan dafaffen, ta shiga juyawa. Ina riƙe da fitila. Da farko muciyar na tafiya da ƙyar, kamar ana tuƙin tuwo. Ba a yi minti goma ba hannunta ya fara sauƙi. Kaurin nan ya saki, ya kwanta, ya koma yana bin muciya yana zuba. Ko ɗigon ruwa ba a ƙara ba.

"Kin gani," in ji ta. "Yat tsinke."

Na sha ganin wannan a ɗakin gwaji, a cikin kwalba, da ma'aunin zafi a tsome. Amma kalmar da ta faɗa ita ta tsayar da ni. Igiya ce ke tsinkewa, zare ne ke tsinkewa, carbi ne ke tsinkewa duwatsunsa su watse. Me ya sa Bahaushe ya ɗauki wannan kalma ya ba kunun da ya saki? Wanda ya fara faɗin haka bai taɓa ganin ƙwayar sitaci ba, amma ya faɗi abin da ke faruwa daidai, babu ragi babu ƙari. Sitaci carbi ne mai dubban duwatsu, kowane dutse ƙwayar sukari ce da ake kira gulukos. In ya ji ruwan zafi sai dogayen igiyoyin nan su kumbura, su warware, su sarƙe da juna su riƙe ruwa. Kauri ke nan. Ƙwayar hatsi kuwa in ta fara tsirowa, jaririn tsiron na bukatar abinci, ba ya kuma iya cin carbi sukutum, don haka sai ta ƙera almakashi. Sunan almakashin amiles. Iri ɗaya yakan faɗa wa igiyar ta tsakiya, ko'ina ya samu ya datse, shi ne ke karya kauri cikin mintuna, ya bar guntaye masu duwatsu uku, biyar, bakwai. Waɗannan guntaye su masana ke kira oligosakarayid, ma'anar kalmar kuwa sukari 'yan kaɗan a jere. Iri na biyu, wanda dankali ke da shi da yawa, daga bakin igiya yake farawa yana cire duwatsu bibbiyu, shi ke kawo zaƙi kafin gari ya waye. Almakasan nan sun fi kaifi tsakanin digiri 50 da 70. Tafasa na lalata su, ba sa kuma dawowa. Yatsan Inna shi ne ma'aunin zafinta.

Kowace uwa ta san wani ɓangare na wannan. In yaro ya lashi cokali ya mayar cikin koko, an jima kaɗan kokon ya tsinke. Yawun ɗan Adam ma yana ɗauke da amiles.

Da na bayyana mata haka, da misalin carbin da ke hannunta, ta saurara har ƙarshe. Ta ce, "To, mu dai haka munka taras. Su Turawan yaushe sunka gano?" Na ce a 1833 ne wasu Faransawa biyu, Payen da Persoz, suka tace wannan sinadari daga tsiron sha'ir, kuma shi ne enzayim na farko da aka taɓa warewa. Muhammadu Bello na raye a lokacin. A 1894 wani Bajapane, Jokichi Takamine, ya yi rajistar hanyar samun irinsa daga fumfunar da ake renonta a kan dusar alkama, daga nan aka fara sayar da enzayim kamar kowace haja. Inna ta ce, "Ashe su ma daga tsiro sunka hwara." Ta rufe robar da faifai, ta ɗora dutse.

Akwai wata magana da takan taso in an ambaci tsiro a ƙasar Musulmi, gara a faɗe ta a fili. Da tsiron dawa ake yin burkutu, shi ya sa wasu ke ƙyamarsa. Amma aikin tsiro ya tsaya ne a tsinka sitaci ya zama sukari. Abin da ke mai da sukari giya wata halitta ce daban, yis, kuma sai an ba ta lokaci. Kunun da aka haɗa da dare aka tace da asuba aka shanye kafin la'asar, ɗan tsamin da ke cikinsa irin na nono ne. Inna ma ba ta son tsiron dawa, don wani dalili nata. "Shina da dafi in ba a iya ba," in ji ta. Gaskiya ta faɗa. Ɗanyen tsiron dawa na ɗauke da sinadarin da ke sakin guba mai suna sayanayid, wadda makiyaya suka sani tun da can, domin ita ke kashe dabbar da ta ci sabon tohon dawa. Sai an busar da shi sosai, an murje saiwa da toho an zubar.

Da safe, bayan mun karya da kunun, mai sanyi da zaƙi ba tare da an sa masa sukari ba, Baba, mahaifin ɗalibata, ya ce in zo in ga fadama. Ana cirar tafarnuwa. Mata da yara na zaune a inuwa suna kakkaɓe ƙasa suna ɗaurewa, ƙamshin ya cika wuri har yana shiga ido. Can gefe ga rudu-rudu na kara da ciyawa, inda ake adana albasa a jira farashi ya tashi. Ya ɗaga murfin ɗaya ya zaro wata da ta fara laushi, ya jefar. "Wagga ita ka cin riba, Malama. Ka aje buhu goma, ka zo ka iske wasu sun zama ruwa."

Na ɗauki kan tafarnuwa ɗaya na ɓare. Abin da ke hannuna shi ma carbi ne, amma na wani irin dutse. Tafarnuwa da albasa ba sa tara sitaci, sukarinsu na ajiya furuktos ne a jere, kuma in aka busar da tafarnuwa shi ne mafi yawan nauyinta. Bambancinsa da na kunu babba ne. Guntayen sitaci cikinmu na narkar da su nan da nan, su ba da ƙarfi. Waɗannan kuwa ba mu da almakashin yanka su, sai su wuce tumbi da ƙaramin hanji lafiya lau, su isa babban hanji, inda biliyoyin ƙananan halittu ke zaune. Wasu daga cikin masu amfanin, irin su bifidobakteriya, wannan ne abincin da suka fi so. A 1995 masana biyu, Gibson da Roberfroid, suka raɗa wa irin wannan abinci suna firibayotik, wato abin da kake ci ba don kanka ba, don ka ciyar da baƙin kirki da ke cikinka. Irin wannan abinci ne kuma sanadin kumburin ciki da iska in an cika cin albasa ko wake, domin baƙin in sun ci sai sun yi numfashi.

A kan wannan aka gina masana'antu. A Beljiyam ana noma wata saiwa mai suna cikori, a tatso irin wannan carbin furuktos, mai suna inulin, daga cikinta da ruwan zafi, sannan a sa masa enzayim ya datse shi guntu-guntu, a busar ya zama farin gari mai ɗan zaƙi. A Japan tun shekarun 1980 ake sayar da irin waɗannan guntaye. Ana zuba su a madarar jarirai ta gwangwani, da yogot, da biskit. Wanda ya karanta bayan wasu gwangwanayen madarar da ke kantunan Sakkwato zai iske sunansu a rubuce.

Amma wanda ya fi tsaya mini a rai na lardin Shandong ne a ƙasar Sin, domin da totuwar masara suke yi. Kusan kashi ɗaya cikin uku na totuwa wata sarƙa ce mai suna zailan, wadda ke riƙe da jikin tsiro kamar yadda laka ke riƙe da azara. Sukan niƙa totuwar, su turara ta da tururi mai matsi ko su jiƙa ta a ruwa mai kaifin kanwa har zailan ya saki, sannan su zuba enzayim da aka samo daga fumfuna, a bar shi yana yanka cikin ɗumi. Daga nan sai tacewa, da cire launi da gawayi, da ƙafewa, da busarwa. A hanyarmu ta dawowa daga fadama mun wuce injin casar shinkafa, bayansa tsibin ɓuntu ya fi tsayin mutum, gefe ɗaya yana hayaƙi. Shi ma akwai zailan a cikinsa, ko da yake ya fi totuwa taurin kai saboda yawan sinadarin yashi da ke jikinsa. Karan dawa, karan gero, dusa, duk gidan zailan ne. Saniya na cin kara ta yi ƙiba ne don halittun da ke tumbinta na da wannan almakashi. Gara ma haka take cin azara.

A nan ya kamata in ja wa kaina birki, domin na ji irin jawaban da ake yi, a nuna tsibin shara a ce ga zinariya. Totuwa a Rimawa ba yasasshiya ba ce, da ita ake hura wuta. Kara abincin dabba ne, kuma shi ne danga da rudu. Masana'antar da na kwatanta tana shan wutar lantarki da ruwa mai tsabta dare da rana, tana bukatar hanyar da mota za ta bi ba da fargaba ba. Garin da ake rufe ƙofa tun magariba ba zai fara da ita ba. Kuma garin oligosakarayid ba magani ba ne, kada gobe wani ya ƙulla shi a leda ya hau mota da lasifika. Wanda ke cin albasa da tafarnuwa da wake da kuɓewa ya riga ya ciyar da hanjinsa. Abin da nake gani mai yiwuwa ya fi wannan kusa. Masu haɗa abincin kaji a ƙasar nan sun riga suna sayen enzayim daga waje suna zubawa a dusa don kaji su fi amfana da ita. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo na nan tun 1975, da sashen nazarin sinadaran halitta da na ƙananan halittu. Fumfunar da ke cin ɓuntu a bayan injin nan ta Rima ce, ta saba da zafin Sakkwato, kuma ɗalibi mai haƙuri zai iya ware ta, ya rene ta, ya auna kaifin almakashinta. Ɗalibata na tsaye kusa da ni tana kallon tsibin, na ga ta ciro leda ta ɗebi na ƙasan, wanda ya jiƙe ya yi baƙi-baƙi.

Akwai kuma abin da ba ya jiran jami'a. Da muka koma gida na iske matar ƙanin ɗalibar tana fama da ɗanta ɗan wata takwas, siriri, wuyansa kamar ba zai riƙe kansa ba. Kokon ya yi masa kauri, ta ƙara ruwa har ya zama tsararo, ya sha ya cika ciki. Haka ake yi a ko'ina, kuma a nan matsalar take. Cikin jariri ɗan ƙarami ne, in aka cika shi da ruwa mai ɗan gari ya ƙoshi bai ci komai ba. A shekarun 1980 masu binciken abinci a Baroda ta Indiya da kuma Tanzaniya suka nuna cewa in aka dama kunu mai kauri ƙwarai, da gari ninki biyu ko fiye, aka barbaɗa masa ɗan garin tsiro yana da ɗumi, zai saki ya zama abin kurɓa, alhali duk abincin na nan a ciki. Na yi mamakin yadda ƙwaryar tsiro ke kan akurki, jaririn na tsakar gida, taku goma tsakaninsu, amma ba a taɓa haɗa su ba. Tsiro na kunun sayarwa ne, koko na yaro ne, kowanne da hanyarsa.

Na gaya wa Inna. Ba ta ce komai ba, ta tashi ta ɗora ruwa. Ta dama koko mai kaurin da cokali ke tsayawa, ta sa ɗan ƙullin gyaɗa, ta jira ya sha iska, ta tsoma yatsa. Ta daka tsiro kaɗan a turmi, ta tankaɗe, ta ɗebo da bakin cokali ta barbaɗa. Muna tsaye mu huɗu a kanta. Da ya saki na ce a mai da shi wuta ya ɗan tafasa, don tsiron ɗanye ne, cikin jariri kuma ba ya son wasa. Aka yi haka, aka fifita, uwar ta ɗora yaron a cinya. Ya sha, ya tsaya, ya lashe leɓe, ya buɗe baki.

"Kullum haka za ki yi mai," Inna ta ce wa matar jikanta. "Kuma wanda anka dama, a sha shi nan take, kar a aje."

Da azahar ɗan kabu-kabu ya zo, domin direban jiya ya ce ba zai wuce ƙarfe uku a Goronyo ba. Baba ya sa aka ɗaura mini damin tafarnuwa a bayan babur, duk roƙon da na yi ya ƙi karɓar ko sisi. Inna ta rako ni har bakin zaure, ta kamo hannuna ta danƙa mini wani ƙulli a tsumma. Na ji shi shakar-shakar, mara nauyi.

"Na kwana huɗu ne, shi ya hi ƙarhi," ta ce. "Ki kai ma ɗiyan makaranta su gani. Kar ki bari ya sha raɓa, kuma kar ki zuba shi sai yatsanki ya iya zama ciki."

A tashar Goronyo motar ta riga ta yi lodi. Buhunan jiya ne, cike, an ɗinke bakunansu, jar albasa na leƙowa ta ramukan saƙa. Na sa ƙullin tsiron a cikin jaka, can ƙasa inda gumi ba zai kai ba, na matsa ciki don mai shigowa ya sami wuri.